Abokin Nutso

SHAFI NA 31

Masu bina ta bayan fage kuna cewa na bar Ulfa a tsaye na gudu, ku yi haƙuri, wuta aka ɗauke mana har waya ta mutu. Ga ta nan. Mai raunin zuciya ya nemi wuri ya zauna tukuna.

*

Ulfa ta gama juya shi ke nan ta ji sallama.

Juyin nan ya zame mata kamar salla, yana da lokutansa. Takan sa hannu ɗaya a kafaɗar mijinta Anwar, ɗaya a ƙugunsa, ta mirgina shi ɓangaren bango, ta cusa matashi tsakanin gwiwoyinsa don kada fata ta saɓule. Ƙafafun sun rame, sun zama kamar aro aka yi masa. Shi kuwa ya zuba wa bango ido. Tun jiya da likita ya cire tabarau ya ce musu abin da zai dawo ya riga ya dawo, sauran sai roƙon Allah, ko ruwa ta miƙa masa da kai yake amsawa.

"Salamu alaikum."

Ta san muryar. Malam Abdulgani ne, mai shagon kayan gini a Kasuwar Kilomita Biyar, wanda ya koya wa Anwar nutso. Ta gyara goyon 'yarta Zulai, ta ja mayafi ta fito tsakar gida. Surukarta Inna Iyatu ta tafi barka unguwar Yakite tun bayan azahar, gidan ba kowa sai su.

"Kawu, sannu da zuwa. Shigo mana."

Ya shigo yana ɗingishin nan nasa. Sai da ya kauce daga bakin ƙofa ta ga wanda ke bayansa.

Zayyad ne, ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya. Ya rungumo wata doguwar jaka shuɗiya, ya yi baƙi, wuyansa ya yi tsawo.

Fuskarta ta rufe.

"Kai kuma tsaya nan."

"Yaya..."

"Ba ni da ƙane."

Malam Abdulgani ya ce, "Ulfa, ni na ɗauko shi."

"To Kawu ka mayar da shi inda ka ɗauko shi. Na faɗa masa a asibiti, na faɗa masa gaban dangi. Ƙafarsa ba za ta ƙara taka gidan nan ba."

"Ki bari mu zauna ko gaisawa mu yi."

"Kai ga kujera. Shi ya san hanya."

Dattijon bai zauna ba. Ya dube ta irin kallon da yake yi wa sabon ɗalibi da tsoro ya kama a bakin ruwa, ya ce, "Ba gaisuwa kaɗai ta kawo mu ba. Mun zo ɗaukar Anwar."

"Ɗaukarsa zuwa ina?"

"Wurin wanka. Yau Lahadi, 'yan'uwa duk suna can suna jira. An samo mota, an yi shimfiɗa a baya."

Ulfa ta zaci kunnenta ne.

Wurin wankan nan ta san shi sarai ko da ba ta taɓa zuwa ba. Kududdufin wani otal ne a cikin gari, inda suke haɗuwa duk Lahadi, su goya tukunyar iska a baya, su cusa tiyo a baki, su zauna a ƙasan ruwa suna yi wa juna magana da yatsu kamar kurame. 'Yan kasuwa har suna suka sa musu, wai kifayen tudu. Ƙasar da ko teku ba ta da shi, a ce magidanta da hankalinsu sun ɗauki nutso abin yi. Su kuwa ko a jikinsu. Shekara ta zagayo su haɗa kaya su tafi inda teku yake, su dawo da hotuna da labarin da ba ya ƙarewa. Tafiyarsu ta ƙarshe Masar ce, Bahar Maliya. Da ƙafarsa Anwar ya fita daga gidan nan yana tsokanarta, a kan keken guragu aka dawo mata da shi.

"Kawu," ta ce a hankali, "ruwa kake nufi?"

"Ruwa nake nufi."

"Ruwan da ya cinye masa ƙafafu?"

"Ki saurare ni. A cikin ruwa mutum ba ya bukatar ƙafa kamar a tudu. Na ga masu irin lalurarsa suna nutso, da hannu suke tafiya, mutum biyu na gefensu. Ba mai zurfi ba ne, tsayin mutum ne da 'yan kai. Jikinsa zai saki, zuciyarsa ma ta ɗan saki."

"Ba inda za shi."

"Shi ya kira ni."

"Wa?"

"Anwar. Da safe, kina wanki. Ya ce Malam ku zo ku fitar da ni daga ɗakin nan, ko sau ɗaya in ƙara jin ba ni da nauyi."

Wannan ta soke ta fiye da komai. Ita da ke kwashe kashinsa da fitsarinsa, ita da rabonta da barci mai daɗi tun kafin ta haifi Zulai, bai iya buɗe baki ya ce mata sannu ba tun jiya. Amma ya iya lalubo waya ya kira mutanen ruwa.

Ta nufi Zayyad. Ya ja da baya har ya jingina da ƙyauren ƙofa. Ta fizge jakar daga hannunsa, ta zuge zip ta zazzage a ƙasa. Baƙar rigar roba ta faɗo, da gilashin fuska, da tiyo mai kawuna. Daga ƙarshe takalman iyo suka faɗo, dogaye masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Anwar da kansa ya rubuta sunansa a jikinsu da farin fenti.

Ta ɗaga ɗaya sama.

"Da wace ƙafar zai sa wannan?"

Ta juya ga ƙanenta.

"Zayyad, da kai nake. Kai ka ɗauko. Da wace ƙafar?"

"Yaya, ba zai sa su ba. A cikin jakar kawai suke."

Ta wurga masa a ƙirji. Zulai ta farka ta fara kuka. Wata maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga tana tambaya da yaren Sango ko lafiya, Malam Abdulgani ya ɗaga mata hannu, ta koma.

"Kuna zaton ban san komai ba," in ji Ulfa. "Don ban taɓa wuce garin Garuwa-Bulai ba kuna zaton jaka ce ni. A ɗakin can yake zaunar da ni yana koya min dokokinku har na haddace. Ba a shiga ruwa mutum ɗaya. Kowa da abokin nutsonsa, binom kuke cewa ko? In iskarka ta ƙare, shi zai ba ka tasa. In ka ruɗe za ka yi sama da gudu, shi zai riƙe ka. Ba ya nisa da kai fiye da miƙa hannu. Haka ne ko ba haka ba, Kawu?"

"Haka ne."

"Wane ne abokin nutson Abban Zulai?"

Zayyad ya ce, "Ni ne."

"Kuka ce min ya taso da sauri daga ƙasan teku, shi ya sa lakarsa ta taɓu. To lokacin da yake tasowa kana ina?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kullum haka. In na tambaye ka sai ka kalli ƙasa. Kana can kana ɗaukar hoton kifi ko? Mutumin da ya riƙe ka kamar ɗansa bayan rasuwar Baba. Shi ya saya maka kayan, shi ya sa ka a shago, shi ya je nema maka auren Hureira."

"Auren da aka fasa," ya faɗa can ƙasa.

"Me ka ce?"

"Na ce an fasa. Babanta ya aiko an dawo da kaya. Ya ce wanda ya bar mijin yayarsa a ƙasan ruwa, ba abin da zai hana shi barin mata a tsakiyar titi." Ya ɗago jajayen idanu. "A kasuwa in na wuce sai a yi shiru. A masallaci akwai wanda in na tsaya kusa da shi sai ya canza sahu. Duk daga bakinki aka ji, Yaya."

"Ƙarya na yi maka?"

Malam Abdulgani ya shiga tsakani. "Ya isa haka. Zayyad, kwashe kayan mu tafi, ma dawo wata rana."

Amma Ulfa ta riga ta hau, ba ta jin kira. Baƙin cikin jiya, da na watannin da suka gabace shi, duk ya taru yana neman wanda zai faɗa wa.

"Ka ji da kyau," ta ce, tana nuna shi da yatsa. "Yadda ya waiga a ƙasan ruwan nan bai gan ka ba, Allah ya nuna maka ranar da za ka waiga kana neman wanda zai ba ka ruwa ka ga ba kowa. Ko gawata aka shimfiɗa ban yarda ka tsaya a kanta ba."

Ko Zulai ta haɗiye kukanta.

Zayyad ya kalle ta. Sannan ya durƙusa ya ajiye takalmin a hankali kan rigar roba, ya miƙe.

"Lafiya lau muka fito daga ruwa."

"Zayyad," in ji Malam Abdulgani.

"Malam ka bar ni."

"Mun yi wa Anwar rantsuwa."

"Zan yi kaffara. In azumin shekara ne ma zan yi. Na gaji." Ya juyo gare ta. "Yaya, ban taɓa barinsa ba. Ko sau ɗaya. A nutsonsa na ƙarshe mun sauka kan wani tsohon jirgin ruwa da ya nutse, wuri mai zurfi, kafaɗata na gogar tasa. Muka taso a hankali yadda aka koya mana, muka tsaya inda ake tsayawa, muna riƙe da igiya ɗaya. Da ƙafarsa ya hau tsani ya shiga kwale-kwale. Har rawa ya taka mana yana cire riga. Tambayi Malam."

Ta kalli dattijon. Ya kau da kai.

"To in haka ne me ya same shi?"

"Jirgin sama."

"Wane irin jirgin sama?"

Malam Abdulgani ya ja kujerar da ya ƙi zama ɗazu ya zauna. Ya share fuska da tafin hannu.

"Tunda ya fasa, gara ki ji daidai," ya ce. "Akwai dokar da bai koya miki ba, ko ya koya kin manta. Iskar da muke shaƙa a can ƙasa ba duka take fita da numfashi ba. Wata tana shiga jini ta kwanta, sai a hankali take barin jiki. Shi ya sa wanda ya yi nutso mai zurfi ba ya hawa jirgin sama sai ya yini ya kwana a ƙasa. In ya hau da wuri, kin ga kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe? Haka jininsa zai yi kumfa. Kumfar ce ta toshe masa laka."

"To me zai kai shi hawa jirgi? Ai ya san dokar."

"Ya fi kowa saninta. Shi yake tuna wa sababbi."

"To me ya kai shi?"

Zayyad ya ce, "Wayarki."

Ulfa ta zuba masa ido.

"Muna isa masauki ya kunna waya ya tura miki bidiyo, ba a jima ba kiranki ya shigo. Ina gefensa. Kika ce Inna ta yanke jiki ta faɗi, an kai ta asibiti, ba ta gane kowa, sunansa kawai take kira. Kika ce in yana son ya same ta da rai ya taho yau."

Ulfa ta laluba bayanta ta dafa randa.

"Gashinsa ko bushewa bai yi ba ya fara haɗa kaya. Malam ya ce masa Anwar, kwanaki muka jera muna sauka, jikinka cike yake, ka bari gobe. Na ɗauke fasfo ɗinsa na sa a aljihu na. Yaya, bai taɓa ɗaga min murya ba sai ranar. Ya shaƙe min wuya, ya ce in uwarsa ta mutu bai gan ta ba, ni da shi har abada. Ya ce da Mama ce kwance zan tsaya lissafin iska? Sai na ba shi."

Hawaye ya zubo masa, bai share ba.

"Abin da na yi ke nan. Na ba shi fasfo. In za ki tsine min, ki tsine min a kan wannan."

Ba ta jin sa sosai. Tana can ranar, a bakin gadonta, da tsohon ciki, waya a hannu.

Ranar ce ya turo mata bidiyo. Ga shi a cikin wani ruwa shuɗi mai duhu, yana shiga ta tagar mataccen jirgi, wani ƙaton kifi ya gilma ta bayansa, shi kuwa yana yi mata alama da yatsu wai komai lafiya. A ƙasa ya rubuta cewa wurin ya yi daɗi, sun ƙara kwanaki. Ta kalla ta sake kalla har numfashinta ya fara sama. Ta tuna maganar Inna da ya zo sallama, cewa tekun da ya haɗiye Fir'auna da rundunarsa ba wurin wasa ba ne. Ta tuna ta roƙe shi kada ya tafi ya bar ta da cikin wata tara, ya yi dariya ya ce kafin ta juya ya dawo. Ta san in ta ce ita ce ba lafiya zai ce ta kira ungozoma. Mutum ɗaya ce a duniya da zai bar ruwa dominta.

A lokacin da take masa kuka a waya, Inna na tsakar gida tana tsince shinkafa, tana bin waƙar rediyo.

Ta ce a ranta ƙaryar ceton rai ce. In ya dawo ya yi faɗa, ta ba shi haƙuri, su yi dariya. Bayan kwana biyu aka kira aka ce yana asibiti, ciwon nutso ya kama shi. Ba wanda ya ƙara tayar da zancen wayar, shi ma bai tayar ba. Sai ta ɗauka ruwa ya riga ta, ciwon ya same shi kafin ya kai ga tahowa. Ta yi istigfari, ta binne maganar, ta tattara duk wutar da ke cikinta ta juye a kan ƙanenta.

"A jirgin farko ya fara jin kamar tururuwa na bin ƙafafunsa," Malam Abdulgani ya ci gaba, idonsa a ƙasa. "Ya yi shiru, don ya san in ya faɗa za su hana shi wucewa. Ya hau na biyu, mai dogon zango. Da aka sauka inda ake canjin jirgi, kowa ya tashi, shi ya kasa. Likitocin can ba su san daga ruwa ya fito ba, shi kuma ba ya cikin hayyacinsa, suka yi ta maganin shanyewar jiki. Sai da muka biyo shi muka yi musu bayani. Lokacin an makara."

Da ƙyar Ulfa ta haɗa kalmomin.

"Kawu... da bai hau ba fa?"

Ya gyara zama a kujerar.

"Don Allah ka faɗa min. Da ya kwana?"

"Allah ne masanin gaibu, Ulfa."

"Na sani. Kai me ka gani?"

Ya numfasa. "Duk wanda ya shiga ruwa tare da shi ranar, ga shi nan yana yawo da ƙafarsa. Kuma ko da ciwon ya taso masa a can, akwai ɗakin da ake sa mai irinsa a matse iskar ta narke, ba nisa da masaukinmu. Da wuya ya kai haka."

Ta sulale ta zauna a ƙasa jikin randa, ruwan gindin randar yana jiƙa mata zane, ba ta ji ba. Ta kalli hannayenta. Hannayen da take juya shi da su, take shafa wa ƙafafun man zafi safe da yamma tana tofa addu'a, tana cewa Allah ya saka masa a kan wanda ya yi sanadi. Kullum sai ta faɗa. Kullum yana ji, ya rufe ido.

"Da ya farfaɗo," in ji Zayyad, "abin da ya fara tambaya Inna. Muka ce mun ji muryarta a waya, da sauƙi. Ya yi hamdala. Sannan ya sa aka kawo Alƙur'ani, ya ce mu dafa. Kada Inna ta taɓa sanin saboda ciwonta ya hau jirgi, don ba za ta yafe wa kanta ba. Kada ke ma ki sani, kina da ciki, kada ki ce kiranki ne. Ya ce a ce ya taso da sauri. Bai san za ki juya abin kaina ba. Da ya ji kin kore ni ya so ya faɗa miki, ni na hana shi. Na ce zan iya ɗauka."

Ya matso, ya durƙusa a gabanta kamar yadda yake yi suna yara in an doke ta.

"Na zaci zan iya, Yaya. Ki yafe min, bakin da kika yi min ne ya fi ƙarfina."

Ta rufe fuska da tafukanta.

"Kada ki sa wa ranki komai," ya ce, yana sassauta murya. "Wallahi ba laifinki ba ne. Wace ce za ta ga tsohuwa ta faɗi a gabanta ta ƙi kiran ɗanta? Ko ni ne haka zan yi. Abin da ya dace kika yi."

"Gaskiya ne," in ji Malam Abdulgani. "Da kin ɓoye masa ta cika, da shi ne abin zargi. Ƙaddara ce ta biyo ta nan."

Da zaginta suka yi da ya fi mata sauƙi. Kowace kalma ta lallashi sai ta ji kamar ana ɗora mata bulo a ƙirji. Ta dubi ƙanenta, yadda ƙasusuwan wuyansa suka fito, ta tuna Hureira, ta tuna sahun masallaci. Ta dubi tagar ɗakin Anwar, labule na motsi, a buɗe take tun safe saboda zafi. Duk abin da aka faɗa a tsakar gidan nan ya shiga kunnensa.

Yana kwance a can ya yarda ƙafafunsa ya bayar don ya ga mahaifiyarsa. Da wannan yake haƙuri. Shi kaɗai ya rage masa.

In ta yi shiru, ba mai sani har abada. In ta yi magana, ta ƙwace masa har wannan ɗin.

"Zayyad," ta ce, muryar kamar ba tata ba. "Tashi. Ka daina durƙusa min."

"Sai kin ce kin janye."

"Na janye. Bakina ya koma kaina."

"Subhanallahi, kada ki ce haka."

"Ka tashi kawai. Ku ɗauke shi ku kai shi ruwan. Duk abin da yake so ku yi masa."

Malam Abdulgani ya miƙe yana hamdala, ya sunkuya zai tattara kayan da ke warwatse. A nan ne ya tsaya cak, hannunsa a kan gilashin fuska.

Inna Iyatu na tsaye a bakin zaure.

Ba wanda ya ji shigowarta. Tana riƙe da ƙullin goron barka a leda, carbi a ɗaya hannun, mayafinta ya zamo kafaɗa. Ba a san tun yaushe take wurin ba.

"Inna, sannu da dawowa," in ji Zayyad, yana goge fuska da sauri.

Ta tako a hankali har tsakiyar gidan, ta tsallake takalmin iyo, ta tsaya gaban Malam Abdulgani.

"Malam, na ji kuna zancen tsohuwa ta faɗi. Wace tsohuwar?"

"Hajiya, maganar ta wuce, Allah ya riga ya..."

"Tambayarka na yi. Wace tsohuwa ce ta faɗi har yaron nan ya hau jirgi?"

Dattijon ya rasa inda zai sa ido. Zayyad ne ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, shi ya ce kada a faɗa miki. Ciwon da kika yi ne lokacin muna Masar. Da aka kwantar da ke."

"Aka kwantar da ni a ina?"

"A asibiti."

Inna ta dube shi, ta dubi Malam Abdulgani, kamar masu yi mata wani yare.

"Ni Iyatu? Rabona da gadon asibiti tun haihuwar autana. Satin da kuka tafi ni ce a kan tukunyar bikin 'yar Mairo, unguwar nan kaf an gan ni. Ko ciwon kai ban yi ba."

"Amma ai da muka tambaye ki jiki a waya kin ce da sauƙi," in ji Zayyad.

"Gwiwa nake nufi. Wace tsohuwa za a ce wa ya jiki ta ce ba komai?" Ledar goron ta suɓuce daga hannunta. "Wa ya ce masa na faɗi?"

Zayyad ya juyo a hankali. Har yanzu yana durƙushe, fuskarsa dab da ta yayarsa. Ta ga lokacin da abin ya isa gare shi, ta ga yadda idanunsa suka canza.

"Yaya?"

Ta kasa ɗagowa.

"Yaya, ki ce wani abu mana."

Daga cikin ɗaki aka ji ƙarar gado, irin ta mai jan jikinsa da hannu. Kofin da ke kan durowa ya faɗi ya tarwatse. Labulen taga ya yaye, yatsun Anwar suka damƙe ƙarfen tagar, sannan fuskarsa ta bayyana, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi.

Bai kalli mahaifiyarsa ba. Bai kalli kowa ba sai ita.

"Ulfa," ya ce. "Inna ba ta faɗi ba?"